Jikin Ɗan Adam a Matsayin Hanyar Sadarwa: Ƙananan Na'urorin Lafiya da Buƙatar Ƙasar Ƙonni

Da yake mafi yawan jikin ɗan Adam ruwa ne mai gishiri, lantarki marar ƙarfi yana iya ratsa shi daga wata gaɓa zuwa wata, kuma a kan wannan ɗabi'a ce masana suka ƙera ƙananan na'urorin lafiya masu aika saƙo ta cikin tsoka da jini, maimakon su watsa shi cikin iska kamar yadda Bluetooth ke yi. Thomas Zimmerman ya gwada dabarar a jami'ar MIT ta Amurka a 1995, sannan a 2012 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta shigar da ita cikin ƙa'idojinta. Amfaninta biyu ne: saƙon da ke bin jiki ba ya cin batir sosai, kuma kama shi daga nesa yana da wuya.

A 2023 Amurka ta amince da AVEIR DR, wasu na'urori biyu da ake dasawa a ɗakunan zuciya biyu don daidaita bugunta, waɗanda ke magana da juna ta cikin jini. Wadda ta fi kusa da buƙatar talaka ita ce na'urar kamfanin Proteus, mai girman ƙwayar rairayi, wadda ake haɗawa da ƙwayar magani. Da zarar ruwan ciki ya jiƙa ta, sai sinadaran tagulla da magnesiyam da ke jikinta su haifar da lantarki, ta sanar da filastar da aka manna a haƙarƙari cewa an haɗiye maganin.

A gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela, inda mai tarin fuka ke shan magani na wata shida, kuma ɗan ci-rani kan ƙetara zuwa Najeriya kafin ya gama, irin wannan shaida za ta rage wa majinyaci zirga-zirga zuwa asibitin Galmi ko na gunduma. Ƙarancin cin wuta ma ba ƙaramin abu ba ne, domin duk da tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018, yanke lantarkin da Najeriya ta yi wa yankin a Agustan 2023 ya nuna raunin dogaro da layin waje.

Sai dai kamfanin Proteus ya karye a 2020, abin da ke nuna cewa hikimar ƙira ba ta wadatar, muddin farashi ya fi ƙarfin aljihun manomin albasa.