Ko Kun Sani?

Tsantsar azurfa, wadda ake buga wa lambar 999, ta fi kowane ƙarfe saurin ɗaukar wutar lantarki da zafi, amma laushinta ya yi yawa. Zoben da aka ƙera da ita kan lanƙwashe a yatsa, ya yi ta kwarzanewa.

Shi ya sa maƙeran fari suke sirka ta da jan ƙarfe. Lambar 925 da kuke gani a cikin zobe ko awarwaro tana nufin kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, ragowar 7.5 galibi jan ƙarfe. Ingila ta kafa dokar buga wa irin wannan azurfa hatimi tun shekarar 1300.

Ɗan sirkin nan ba algus ba ne, gyara ne. Yana ƙara mata tauri, yana kuma sauƙaƙa narkarwa: tsantsar sai zafi ya kai digiri 962, sirkakkiyar kuwa wajen 893. Illarsa ita ce ta fi saurin yin baƙi.

Akwai ma azurfar da sirkinta ya fi haka yawa: kuɗin azurfar da ake kira Mariya Tareza, mai ɗauke da shekarar 1780, wanda maƙeran Agadas suka riƙa narkarwa suna kayan ado, azurfarsa kashi 83.3 ce.