Garken Gidanmu: Daga Kaka Zuwa Jika

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda ba su samu damar saurare ba. Yau kan kiwon gado za mu tattauna, kuma da gidanmu na Sakajiki zan yi misali.

Kakana shanu Bokoloji ya gada. A zamaninsa jirgin ƙasa ya riga ya iso Kaura Namoda tun 1929, fatake na sayen dabbobi da fatu su yi Kudu da su. Duk shekara sai ya biya jangali a kan kowace saniya. Da damina shanu su nufi dajin Zurmi, da kaka su dawo gonaki su ci kara, su bar wa manomi taki. A 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, ga burtali ga mashaya, kowa ya san iyakarsa.

Babana kuwa ya sha wuya: farin 1973, cutar bushiya a 1983, sai wani farin a 1984. Garken ya kusa ƙarewa ƙurmus. To, ta yaya ya farfaɗo? Da aron karsana. Ɗan'uwa ko aboki ya ba ka karsana amana, ka kiwata ta haihu, ka riƙe 'yan maruƙan, ka mayar masa da uwar. A Nijar habbanaye ake ce wa wannan al'ada. Sannan dattawa ba sa tara shanu wuri guda, sai su rarraba su hannun dangi, don in masifa ta faɗa wa wani ɓangare, wani ya tsira. Kun ga ashe zumunci ne ya riƙe garken.

Mu a namu zamanin, tun 2011 aka sanar an kawar da bushiya daga duniya, amma abin da ya zo ya fi ta muni. Cuta takan bar saura, ɓarayin daji kuwa kora suke gaba ɗaya, kuma wanda zai ara maka karsana shi ma an kore tasa. A Satumbar 2021, don matse 'yan bindiga, gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, har da ta Shinkafi, aka hana safarar dabbobi, aka katse layukan waya. Mai saniya ɗaya da mara lafiya a gida ya rasa inda zai sayar.

Yau garkenmu ya koma turke a cikin gida: bijimai biyu, raguna Uda da Balami don Babbar Sallah, sai jajayen awakin Inna. Da dusa da harawa muke riƙe su, kuma wallahi da kuɗinsu na gama jami'a.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi. Mu matsa mata, ita da gwamnatin jiha, kan tsaro da riga-kafi da buɗe burtalan da aka nome. Mu ma matasa akwai namu aikin. Kowace ƙungiyar unguwa za ta iya haɗa kuɗi ta sayi akuya, ta ara wa gidan da aka yi wa sata, in ta haihu a miƙa uwar ga gida na gaba.

Ku faɗa mana, a gidanku me ya rage na garken kakanni? Allah Ya kawo mana zaman lafiya. Sai mako mai zuwa.