Taraktar da ta fito daga hannun soja: yadda za a kare ta daga rairayi

Garin Gure yana gabas da Damagaram, bisa babbar hanyar kwalta da ta nufi Difa. Tsakaninsu ya fi kilomita 150. Ƙasa ce ta tuddan rairayi da kwarurruka. Cikin kwari arziki yake: dabino, goriba, rogo, rake da kanwa. Tun farin 1973 da na 1984 itatuwa suka ragu, rairayi ya samu hanya. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso shi, yana binne gonaki da rijiyoyi da hanyoyi.

A irin wannan ƙasa, tarakta mai shebur a gaba da hannun haƙa a baya tana da amfani ƙwarai. Tana kwashe rairayin da ya toshe hanya. Tana yashe tafki. Tana ɗaukar kayan shingen da ake tsayar da tudu da shi. Amma sabuwa tana da tsada. Shi ya sa ake samun tayin tsofaffi, har da waɗanda sojojin Turai da Amurka suka gama aiki da su, aka sa su gwanjo. Ƙungiyar manoma ko ɗan kasuwar da zai zuba kuɗi a irin wannan inji ya san abu guda: rairayin da aka sayo ta don shi, shi ne ke kashe ta.

Asalin injin

Ɗaya daga cikin irin waɗannan injina ita ce Unimog ta ƙasar Jamus. An ƙera ta farko a 1946, bayan yaƙin duniya na biyu, don manoma. Faɗin tsakanin ƙafafunta mita 1 da santimita 27 ne, daidai kunya biyu ta dankalin Turawa. A 1951 kamfanin Daimler-Benz ya karɓi ƙirarta. Daga baya sojoji suka gane amfaninta, don ƙafafunta huɗu duka suna ja, kuma cikinta yana nesa da ƙasa.

Cikin shekarun 1980 sojan Amurka ya sa aka yi masa wata iri mai suna FLU 419, mai shebur da hannun haƙa. Tana shan gazuwal, injinta mai silinda 6 ne, nauyinta wajen tan 7. Wata tsohuwar iri ta soja, Unimog 404, wadda aka ƙera daga 1955 zuwa 1980, fetur take sha. Mai saye ya tambaya tukuna, don cinsu ba ɗaya ba ne.

Kafin a biya kuɗi

Injin soja yakan yi shekaru a ajiye. Agogonsa zai nuna awoyi kaɗan, fentinsa da kyau. Kada wannan ya ruɗi kowa. Ƙarfe yana jure zama, roba ba ta jurewa. Tiyo da zoben roba da taya suna bushewa suna tsagewa ko da ba a yi aiki da su ba.

A je da makanike. A tayar da injin da safe, yana sanyi. A cika shebur da ƙasa, a ɗaga shi, a kashe injin, kowa ya ja baya. Idan shebur yana sauka da kansa, akwai robar da ta mutu ko bawul ɗin da ya ci. A nemi littafin injin. A tambaya ko ana samun kayan gyaransa a Damagaram ko Kano. Injin da babu kayan gyaransa, araha ce ba ta ado.

Yadda mai yake ɗaga ƙarfe

Shebur da hannun haƙa ba da sarƙa suke tashi ba, da mai suke tashi. Makanikai suna kiransa man idirolik. Famfo yana tsotso shi daga tanki, ya tura shi cikin tiyo da ƙarfi. Direba ya ja sanda, bawul ya buɗe, mai ya shiga silinda ya tura wani dogon ƙarfe mai ƙyalli. Wannan ƙarfen shi ke ɗaga kaya. Daga nan mai ya bi ta matata ya koma tanki.

Ƙarfin man nan ya ninka na iskar taya fiye da sau hamsin. Don kada ya zurare, ƙarafan cikin famfo sun matsu da juna, ratarsu ba ta kai kaurin gashi guda ba. Ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta shiga nan ta yi ta gugar ƙarfe. Ƙarfen da ya gogu kuma ya zama sabuwar ƙura cikin mai. Haka famfo ke mutuwa sannu sannu, kuma yana cikin kaya mafi tsada a jikin injin.

Hanyoyin da rairayi ke shiga

1. Bakin tanki. A goge marfi da kewayensa kafin a buɗe. Kada a zuba mai a fili ranar iska. Mazurari da jarkar mai su zama nasu daban, a rufe su cikin buhu mai tsabta.

2. Bakin tiyo. Duk tiyon da aka kwance, a toshe bakinsa nan take. Kada ya taɓa ƙasa.

3. Ƙarfen silinda. Idan ya jiƙe da mai, rairayi zai manne masa ya yanka roba. A goge shi, a canza robar da ke yoyo da wuri.

4. Matatar iska. A duba ta kullum lokacin hunturu. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa, ba a buga ta da dutse. A hura ta daga ciki zuwa waje. In ta huje, a sa sabuwa.

5. Gazuwal. A bar shi ya kwana cikin ganga, datti da ruwa su kwanta. A ɗebo na sama, a tace.

Aikin kowace safiya

A duba man inji, man idirolik da ruwan lagireto. A leƙa ƙarƙashin injin a ga ko wani abu ya ɗiga da dare. A sa giris a kowace gaɓa ta shebur da hannun haƙa, har tsohon ya fito da dattinsa. A buɗe ƙasan tankin iskar birki ruwa ya fita. A Unimog kowace ƙafa tana da ƙaramin akwatin giya mai nasa mai; wanda ya manta da shi zai rasa ƙafa a tsakiyar daji.

Wutar yawancin injinan soja ta batir biyu ce a haɗe, bolt 24. Ƙwan fitila na bolt 12 zai ƙone nan take. A canza batir biyun tare.

Abin da mai yake faɗa

Mai mai kyau garau yake. In ya zama kamar madara, ruwa ya shiga. In yana kumfa, famfo yana kuka, to mai ya ragu ko iska tana shiga ta tiyon tsotsa. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ya sha zafi. In shebur ya yi sanyin jiki, a fara duba yawan mai da matata kafin a zargi famfo. Sau da yawa ciwon ƙarami ne.

Ba a cika tanki da baƙin man da aka juye daga mota. Ba a haɗa shi da man birki. A sa irin man da littafi ya ce. Famfo da bawul ba a buɗe su a gindin bishiya. A kai su garaji mai rufi.

Kiyaye rai

Kada a lalubi wurin yoyo da hannu. Mai yana fita siriri kamar allura, yana huda fata. A kara kwali a wurin. Wanda mai ya huda, a kai shi asibiti nan da nan ko ciwon bai fi cizon ƙuda ba, don yana iya rasa yatsa ko hannu.

Kafin gyara, a sauke shebur da hannun haƙa ƙasa, a kashe inji, a motsa sanduna ƙarfin mai ya fita. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin shebur ɗagagge sai an tokare shi da ƙarfe. Injin yana da tsawo da nauyi a sama, yana iya kifewa a gefen tudu. A hau tudu a miƙe, shebur yana ƙasa ƙasa. Kada a ɗauki yara cikin shebur.

Littafi da asusu

Kayan jama'a yakan lalace don kowa yana jiran wani. Ƙungiya ta naɗa direba guda. Cikin kuɗin kowane aiki a ware kaso na mai da matata da tiyo, tun kafin a raba riba. A ajiye matata da zoben roba tun kafin damina, don tafiya neman su tana cin kwanaki.

A sayi littafi. A rubuta rana, awoyin aiki, man da aka zuba da kayan da aka canza. Ta haka za a san ranar juye mai ba tare da gardama ba. Wannan aiki ne na wanda ya shiga makarantar yaƙi da jahilci ya iya rubutu da lissafi. A zaɓi mutum guda cikinsu, namiji ko mace, a damƙa masa littafin, ya riƙa karanta shi gaban jama'a a kowane taro.