Sitem Sel da Sankarar Mama: Ina Gaskiyar Take?

Tallar ta cika WhatsApp da Facebook: garin "sitem sel" na tuffa ko inabi, a zuba a ƙarƙashin harshe, wai yana narkar da ƙullutun mama ba sai an yi tiyata ba. Ƙarya ce, amma ta raɓi gaskiya, shi ya sa take cin kasuwa.

A cikin nonon mace akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta waɗanda su ke haifar sauran, su ne sitem sel na gaskiya. Da su nono ke tsirowa lokacin balaga, ya bunƙasa idan an samu juna biyu, ya koma bayan yaye, ya sake tasowa a ciki na gaba. A 2006, a Melbon ta Ostireliya, ayarin Jane Visvader da Geoff Lindeman ya dasa irin wannan ƙwaya ɗaya tal ta ɓera a jikin wani ɓera, ta gina cikakken nono mai kawo ruwa.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, sankara ma tana da nata irin. A 2003, a Jami'ar Michigan ta Amurka, Muhammad Al-Hajj da Michael Clarke da abokan aikinsu sun tace ƙwayoyin ƙarin da aka samo daga mata masu ciwon. Wani nau'i, ɗari kacal sun isa su tayar da sabon ƙari a jikin ɓera, alhali dubun dubatar sauran sun kasa. Masana da yawa na zargin irinsu ne ke jure wa magani, su yi lamo, ciwon ya dawo bayan shekaru, ko da yake ana ci gaba da muhawara a kai. Likitoci dai hanyar kashe su suke nema. Ƙwayar tuffa kuwa ta tuffa ce. Ba ta rikiɗewa ta zama ta mutum, balle ta yi farautar sankara.

To dashen ɓargo fa, wanda shi ma dashen sitem sel ne? Yana aiki a sankarar jini da sikila. An gwada shi a sankarar mama a shekarun 1990, dubban mata a Amurka suka sha wahalarsa. Werner Bezwoda na Afirka ta Kudu, wanda sakamakonsa ya fi ƙarfafa gwiwa, a 2000 aka gano ƙage ya yi, jami'arsa ta kore shi. Manyan gwaje-gwaje sun nuna dashen bai ƙara wa matan tsawon kwana ba.

Batun cewa shayarwa na rage kamuwa da sankarar mama kuwa gaskiya ne: wani babban nazari na 2002 ya nuna kowace shekarar shayarwa tana rage haɗarin da kashi 4.3 cikin 100. Ragewa ce kawai, don mai 'ya'ya goma ma tana iya kamuwa.

'Yar'uwa, in kin ji ƙullutu, ko kan nono ya lotsa, ko yana fitar da jini, ki tafi asibiti a ɗebi ɗan nama a gwada. Kada zancen "daji ba ya son allura" ya zaunar da ke a gida.