Tashar Qasr Al Hokm: Yadda aka kai hasken rana ƙarƙashin ƙasa a Riyadh

A tsakiyar tsohon birnin Riyadh, kusa da ganuwar Masmak da kasuwar Zal, akwai wata ƙatuwar rumfa ta ƙarfe mai sheƙi kamar madubi. A ƙarƙashinta tashar Qasr Al Hokm take, ɗaya daga cikin manyan tashoshi huɗu na jirgin ƙasan zamani na babban birnin Saudiyya.

An fara jigilar fasinjoji a watan Disamban 2024 a tsarin mai layuka shida da tashoshi 85, wanda tsawonsa ya kai kilomita 176, kuma jiragensa na tafiya ba direba. Ita kuwa Qasr Al Hokm an buɗe ta ne a watan Fabrairun 2025, kuma a nan layin shuɗi da na ruwan lemo suke haɗuwa.

Babbar matsalar kowace tasha ta ƙarƙashin ƙasa ita ce duhu da ruɗewa. Da zarar mutum ya sauka hawa biyu ko uku, sai gabas da yamma su ɓace masa. A Riyadh akwai ƙari: zafi kan haura digiri 40 a lokacin bazara, jama'a kuma sun saba da mota mai na'urar sanyaya iska daga ƙofar gida zuwa wurin aiki. Idan tashar ta zama kamar kogo, da wuya su ajiye makullin mota.

Kamfanin Snøhetta na ƙasar Norway, wanda ya zana tashar, da rumfar nan ya magance matsalar. Rumfar tana ba wa masu wucewa inuwa a sama, cikinta mai sheƙi kuma yana karkato da hasken rana zuwa ƙasa. Wanda ke saukowa yana hango abin da ke jiransa a cikin madubin, wanda ke fitowa kuma yana ganin filin gari tun kafin ya kai ƙofa.

Bangon ciki na ɗauke da ƙananan tagogi masu kusurwa uku, irin waɗanda ake gani a tsoffin gidajen laka na yankin Najd, inda tun da can ake amfani da su wajen shigo da iska da haske ba tare da zafi ya kwararo ba. A can ƙasa kuma an dasa lambu, inda fasinja zai iya zama ya huta kafin ya sauya layi.

Duk wannan aikin an yi shi ne domin mazaunin Riyadh, birni mai mutum sama da miliyan bakwai da ke fama da cunkoson ababen hawa, ya yarda ya bar motarsa a gida. Yawan waɗanda ke ratsawa ta ƙarƙashin rumfar kowace safiya shi zai nuna ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.