Kasuwar da Ba Ta Fitowa a Google

Duk mai waya a hannu zai iya gwadawa da kansa. Ya buɗe Google ya rubuta "ragunan sayarwa a Kongolam", ko "farashin rago a Mai'aduwa". Abin da zai fito masa labaran jarida ne: kwastam sun kama kaya, an rufe iyaka, an buɗe iyaka, wakilin wata kafa ya zagaya kasuwa gabanin Sallah ya ce dabbobi sun yi tsada. Da wuya ya ci karo da shafin wani mai dabbobi da ya jera hajarsa da farashi da lambar waya. Wanda bai san yankin ba sai ya ɗauka ciniki bai shiga waya ba tukuna a nan.

Alhali Kongolam ita ce ƙofar fita zuwa Nijar a kan titin da ya taso daga Kano, ya ratsa Daura, ya nufi Matamaye da Damagaram. Tana cikin ƙaramar hukumar Mai'aduwa, kuma kasuwar Mai'aduwa da ke ci ranar Lahadi tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa. Idan Babbar Sallah ta gabato, mutum yana zaune a Legas ko Abuja zai zaɓi rago, ya taya, a sallama masa, ya tura kuɗi, a ɗora masa a tirela, bai taka ƙasar Daura ba. To a ina ya ga ragon? Wa ya haɗa shi da mai shi, tunda injin binciken da duniya ke taƙama da shi bai san da zaman ɗayansu ba?

Abin da ya sa tambayar ta tsaya mini a rai shi ne darasin da ake biyawa a tarukan tallan intanet. Tun 2013 da aka fara taron Social Media Week a Legas, har zuwa horon da ake shirya wa matasa a Kano da Katsina, karatun kusan ɗaya ne: buɗe shafi, ka zuba kalmomin da mutane ke nema don Google ya sa ka a sahun gaba, ka biya kuɗin talla a Facebook da Instagram, sannan ka riƙa ƙirga waɗanda suka latsa. Idan da wannan ma'auni za a auna ɗan kasuwar bakin iyaka, sifili zai ci. Amma ga tireloli suna fita cike.

Na fara zargin rashin sabis, sai na ga zargin ba shi da tushe. A bakin iyaka waya kan kama sabis ɗin ƙasashe biyu, kuma ba abin mamaki ba ne ka ga ɗan kasuwa da layin Najeriya da na Nijar a waya guda. Ko a 2021 da aka katse layuka a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina irin su Jibiya da Batsari da Safana saboda 'yan bindiga, matakin bai shafi ƙasar Daura ba.

Sai harshe. Wataƙila Google ba ya jin Hausa? Wannan ma bai tsaya ba. An saka Hausa a Google Translate tun 2013, Facebook ya fito da Hausa a 2016, kuma duk wanda ya nemi labari da Hausa zai ga BBC Hausa da Aminiya sun fito masa. Akwai dai ɗan cikas: wani ya rubuta Kongolam, wani Kwangwalam, wani ya sa ƙugiya a harafi, wani bai sa ba, sai binciken ya rarrabu. Amma ko da Turanci ka nema, shagon mai ragunan ba zai fito ba. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba.

Bakin zaren yana cikin yadda Google ke aiki. Yana da manhajar da ke yawo daga shafi zuwa shafi tana bin mahaɗai, tana karanta abin da aka rubuta, tana adanawa. Abin da aka ajiye a fili, a rubuce, shi yake iya kawo maka. Yanzu ka tsaya a kara ka kalli yadda ake tallan rago. Yaro ya riƙe igiya, mai waya ya fara ɗauka daga gaba. A buɗe bakin ragon a nuna haƙora don a san shekarunsa. A zagaya a nuna ƙaho da ƙirji da cinya, a danna gadon bayansa a ga tsoka, a ja shi ya yi taku kaɗan don mai saye ya tabbatar ba ya ɗingishi. Duk wannan ana yi baki yana aiki: Balami ne ko Uda, kiwon gida ne, ga abin da aka taya, ga inda mai shi ya tsaya. Ba a rubuta ko harafi ɗaya ba. Daga nan bidiyon ya shiga WhatsApp, amsa ta dawo da murya: "Alhaji, a ƙara mini haske a ƙafar baya." Tayi da albarka da sallamawa duk da murya ake yin su.

Tun watan Afrilun 2016 kuwa WhatsApp ya kulle saƙonni ta yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya buɗewa. Google ba shi da hanyar leƙawa ciki. Masu nazarin talla a Amurka sun san da wannan giɓin. A 2012 wani marubucin mujallar The Atlantic, Alexis Madrigal, ya yi rubutu a kan ɗimbin abubuwan da mutane ke tura wa juna ta saƙon sirri, waɗanda na'urorin ƙirga ba sa ganin inda suka fito. Abin da a can ake ɗauka ɓangare ne na kasuwa, a Kongolam shi ne kasuwar kusan gaba ɗayanta.

An warware rabin tambayar ke nan. Saura rabin da ya fi wuya: wa ya haɗa mai saye da mai rago? Abin da mutum ya ɗora a sitatus ɗinsa na WhatsApp, sai wanda suka adana lambar juna zai gani. Bidiyo ba zai je hannun baƙo da ƙafarsa ba. Don haka sai a bi sawunsa da baya. Mai saye a Legas ya samo shi daga wani ɗan Arewa da ya sani a Agege. Shi kuma daga maigidansa a kara. Maigidan daga dillalin da suka shekara suna hulɗa, dillalin kuma ya san mai ragon, ya san ƙauyensu, ya san mahaifinsa. A kowane hannu da bidiyon ya wuce, akwai wanda ya jingina mutuncinsa a kansa. Idan rago ya iso da ciwo, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Wannan tsari ya girmi waya nesa ba kusa ba. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, kuma a littafin da ya fitar a 1969 ya bayyana yadda fataucin shanu da goro ya dogara ga masu gida: su ke saukar da fatake, su haɗa su da dillalai, su tsaya musu idan an ba mahauta bashi. Sai da ɗan gari ake cin gari. Aikin da Google ke yi wa mai saye a Ingila, wato ya tace masa wanda ya cancanci a yarda da shi, shi dillali ke yi a nan, ya karɓi la'adarsa. Waya ta rage masa tafiya ne kawai.

Su kansu kamfanonin intanet sun gano haka. A farkon 2018 aka fito da WhatsApp Business, sannan ga tallan Facebook da idan ka latsa zai kai ka kai tsaye cikin hira da mai kaya. Matasan da ke ɗora ragunansu a TikTok ma lambar waya suke rubutawa a jikin bidiyon. Can ake gani, amma a WhatsApp ake ƙulla ciniki. Tun 2024 kuma da Google ya fara ɗora amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike, babban kukan masu tarukan talla shi ne mutane suna karanta amsa su wuce ba su shiga shafin kowa ba. Wannan kuka bai shafi ɗan kasuwar Kongolam ba, don bai taɓa jiran Google ya kawo masa mai saye ba.

Inda ƙaya take daban ne, kuma nan nake ganin masu shirya horo ya kamata su karkata, su zo kara ranar Lahadi su ga abin da ake buƙata. Bidiyo yana iya tsinkewa daga sarƙar da ta tsaya masa. Wani ya kwafe shi daga TikTok, ya ce ragonsa ne, ya karɓi kuɗin mutum ya kashe waya. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura har dattawan kara ga tiransifa, sai ga alat na bogi ya biyo baya. 'Yan kasuwa ba su jira taro ba, sun samo nasu matakan. Mai saye kan nemi a sake ɗaukar ragon ana ambaton sunansa da ranar da ake ciki, ko a kira shi ta bidiyo ya ce a juya dabbar hagu, a ɗaga ƙafarta, yana kallo. Mai sayarwa kuma ba ya sakin igiya don an nuna masa hoton rasit, sai ya duba asusunsa ya ga kuɗin sun zauna. Idan cinikin mai nauyi ne, kuɗin kan sauka a hannun dillalin da ɓangarorin biyu suka sani, ya riƙe har direba ya kira ya ce an ɗora kaya, ya faɗi lambar motar da wurin da za a tare shi.