Ƙwayoyin Cikin Ƙasa Na Cin Mai, Amma Da Sharaɗi

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana manoma da kuma hukuma.

Ni tsohon malamin gona ne. Wata shekara tankar man gas ta faɗi a gefen gonar ƙanena, man ya malale cikinta. Damina biyu ko ciyawa ba ta fito a wurin ba. Daga baya muka kafce wurin, muka zuba kashin kaji, muna yayyafa ruwa muna juya ƙasar duk bayan mako biyu. Wallahi da damina ta uku sai ga masara ta tsiro.

Ba tsafi ba ne. A cikin ƙasa Allah Ya halicci wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya. Wasunsu mai ne abincinsu, suna cinye shi su mai da shi ruwa da iska irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. Amma sai sun sami iska da danshi da taki. Ko a Amurka, da jirgin ruwan Exxon Valdez ya zubar da ɗanyen mai a Alaska a 1989, taki aka watsa a bakin teku don waɗannan halittu su yi saurin aiki.

To amma fa jama'a, kada a ruɗe mu. A 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan ƙasar Ogoni a Jihar Ribas. Ta ce juya ƙasar sama da ake yi bai yi magani ba, domin a wasu wurare man ya nutse fiye da mita 5, inda iska ba ta kaiwa. A Nisisioken Ogale an sami gubar benzin a ruwan sha ta ninka ƙa'ida sau 900. Rahoton ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a 2022 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ina kira ga gwamnatocin jihohin biyu da su auna ƙasa da rijiyoyin yankin tun yanzu, a ajiye sakamakon don shaida. Jami'o'inmu kuma su binciko irin bakteriyar da ke cikin ƙasarmu. In mai ya zuba, a yi gaggawa kafin ya nutse.

Allah Ya sa masu abin su ji, amin.

Naka,
Tsohon malamin gona,
Alkaleri, Jihar Bauchi.